A Yi Mana Bayanin Sauron Da Ake Gyarawa Kafin Ya Iso

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in ja hankalin masananmu kan wani bincike na gyara ƙwayoyin halittar sauro don ya daina yaɗa zazzaɓi, wanda kusan ba a jin labarinsa da Hausa, alhali mu ya fi shafa, tunda Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya.

Ƙwayar cutar ba ta tsallakawa daga mutum zuwa mutum kai tsaye. Sai macen sauro ta sha jinin mai cutar, ƙwayar ta yi kwana 10 ko fiye tana girma a cikinta, sannan ta gangaro cikin yawunta. A wannan tazarar masana ke son tare ta. Suna gutsuro ɓangaren sinadarin garkuwar jiki da ke damƙe ƙwayar, su bar sauran. A Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, ayarin Anthony James ya sa sauro ya riƙa kera wannan gutsuren da kansa, kuma a 2015 suka nuna cewa gyaran zai iya bin zuriyar sauron kusan gaba ɗaya. Zai ci gaba da cizo da kukansa a kunne, amma manufar ita ce ba zai yaɗa cutar ba. Wasu kuma suna gwada ƙananan sinadaran garkuwar jiki da aka fara ganowa a jinin raƙumi. Raƙumin da muke yi wa kallon dabbar kaya!

Damuwata ita ce wannan dabara ba ta warkar da wanda ke kwance. Amfaninta na maƙwabci ne da yaron da ba a ciza ba tukuna. Wa zai fahimtar da mai unguwa a Tudun Jukun ko Gyallesu cewa za a saki sauro a bakin rafin Kubanni don a rage zazzaɓi? A Burkina Faso an saki sauron da aka gyara a ƙauyen Bana a 2019, amma a 2025 gwamnati ta dakatar da shirin. Mu kuma nan Arewa ba mu manta gwajin maganin sanƙarau na Kano a 1996 ba, da yadda ya bar mutane da zargin kowace allura.

Zariya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A Samaru aka fitar da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa, wanda shi ma aka gyara ƙwayoyin halittarsa, a 2019, kuma har yau ana gardamarsa a majalisu. Don haka ina kira ga malaman Jami'ar Ahmadu Bello da asibitin Shika su shiga rediyo tun yanzu, su amsa tambayoyin jama'a, tare da limamai da masu unguwanni. Hukumar NBMA kuma, mai sa ido kan halittun da aka gyara a Najeriya, ta faɗa mana sharuɗɗan da za ta gindaya kafin ta ba da izini.

Kafin nan, a ci gaba da kwana cikin gidan sauro, a kuma yashe kwatoci kafin damina.

Naka mai karatu,
daga Tudun Wada, Zariya