Kada a shigo da bariki cikin jami'o'inmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan wata shawara da nake ta ji a majalisun dare da shirye-shiryen kiran waya a nan Sakkwato. Wai a shigo da horon hafsoshin soja cikin jami'o'inmu, yaro yana karatun digiri yana fareti, ranar da ya karɓi takardarsa a maƙala masa anini a kafaɗa, kamar yadda ake yi a Amurka. Ni ban yarda da wannan shawara ba, kuma ina so in faɗi dalilina.

Na san abin da ya sa mutane suke wannan tunani, don ni ma a cikin wannan wuta nake. Duk wanda yake da dangi a Sabon Birni ko Isa ko Rabah ya san yadda ake kwana ido biyu, ga kuma Lakurawa ta wajen Tangaza da Gudu. An kwashe ɗalibai a Birnin Yauri a 2021, an kwashe 'yan matan Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen da suke haya a watan Satumba na 2023. Uban da ya ga haka ya ce a koya wa ɗansa riƙe bindiga, ba zan zarge shi ba. Ƙanena soja ne, ya yi shekaru a fagen daga, kuma ban taɓa ganin kakinsa ban yi masa addu'a ba. Saboda haka kada wani ya ɗauka ƙin soja ne ya sa ni ɗaukar alƙalami.

Ina aji biyu a sakandare lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta tura sojoji makarantu don su gyara tarbiyya. Namu wani kofur ne, dogo, da bulala a hammata. Har yau ina ganin wata safiya ta hunturu, mun yi layi a filin taro, wani yaro ɗan ajinmu ya ɗaga hannu ya tambayi dalilin da ya sa aka rage mana sukarin koko. Tambaya ce kawai, cikin ladabi. Kofur ya fito da shi, ya sa shi tsallen kwaɗo daga bakin tuta har ƙofar ɗakin cin abinci, yana riƙe da kunnuwansa, ƙura ta yi masa fari fat. Wannan yaro shi ne ya fi kowa tambaya a ajin lissafi. Daga ranar bai ƙara ɗaga hannu ba, a filin taro ko a cikin aji, mu ma duka muka koyi yin shiru. Daga baya na yi shekara talatin da wani abu ina koyarwa, kuma babu abin da ya fi ba ni wahala kamar in sa yaro ya buɗe baki ya ce, "Malam, ban gamsu ba."

Wannan kalma ita ce jarin jami'a. Ana so ɗalibi ya tsaya gaban farfesa ya ce masa hujjarka ba ta yi ƙarfi ba, farfesan kuma ya ji daɗi. Soja kuwa aikinsa ba ya yiwuwa sai da bin umarni nan take, kuma daidai ne a wurinsa, don wanda ya tsaya gardama ana ruwan harsashi zai jawo wa 'yan'uwansa mutuwa. Amma yaro ɗan shekara goma sha takwas da za a koya wa "a yi kawai" da asuba, a ce masa "yi tambaya" da hantsi, ɗaya ce za ta zauna masa, kuma na san wadda take zuwa da kaki da alawus ita za ta yi nasara. Sannan a tuna ɗakin kwana ɗaya za su zauna da sauran ɗalibai. Ranar da rikicin zaɓen ƙungiyar ɗalibai ya tashi, ko aka yi zanga-zangar rashin ruwa, ɓangaren wa waɗannan masu kaki za su tsaya? Wa zai ba su umarni, shugaban jami'a ko kwamandansu?

Masu kafa hujja da Amurka rabin labarin suke bayarwa. Gaskiya ne suna da shirin da suke kira ROTC tun 1916, gwamnati tana biya wa ɗalibi kuɗin karatu, shi kuma ya biya da shekarun aikin soja bayan ya gama. Amma shirin nan ya sha raba kan jami'o'insu. A zamanin yaƙin Biyetnam manyan jami'o'i irin su Harvard sun rabu da shi, kuma Harvard ba ta sake buɗe masa ƙofa ba sai a 2011. A Jami'ar Kent da ke jihar Ohio, an ƙone ginin shirin a farkon watan Mayu na 1970, aka turo dakarun jiha, ranar 4 ga wata suka buɗe wuta suka kashe ɗalibai huɗu, suka raunata tara. Ɗaya daga cikin mamatan ɗalibin shirin sojan ne da kansa. A ƙasar da soja bai taɓa yin juyin mulki ba ke nan.

Mu kuwa namu tarihin ya fi nasu ɗaci. A watan Afrilu na 1978, lokacin zanga-zangar da aka yi wa laƙabi da sunan kwamishinan ilimi Kanar Ahmadu Ali saboda ƙarin kuɗin abinci da masauki, an harbe ɗalibai a Legas da Zariya. A watan Mayu na 1986 jinin ɗalibai ya sake zuba a Samaru, mazaunin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. A 1995 gwamnatin Janar Abacha ta ɗora Manjo Janar Mamman Kontagora ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello shi kaɗai. Malaman jami'a sun sha kora da tsarewa a zamanin soja kafin a samu ɗan 'yancin da ake da shi yanzu. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma ba wanda zai ce masa matsoraci.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne tsaron yaran kansu. Horon soja ba ya yiwuwa sai da ma'ajiyar makamai. Mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo fili ne mai faɗi a wajen gari, ƙauyuka da gonaki sun kewaye shi. A ajiye bindigogi a irin wannan wuri, kusa da ɗakunan kwanan 'ya'yanmu mata, an ba ɓarayin daji dalili na biyu na zuwa. Kada a ce ba za su iya ba. A watan Agusta na 2021 sun shiga NDA ta Kaduna kanta, makarantar da aka kafa tun 1964 don horar da hafsoshi, suka kashe hafsa biyu suka tafi da ɗaya. Kuma Najeriya ta amince da yarjejeniyar kare makarantu da aka ƙulla a Oslo a 2015, har ta karɓi baƙuncin taronta a Abuja a 2021. Jigon wannan yarjejeniya shi ne a nisanta harkar soja daga makarantu da jami'o'i, don kada maƙiyi ya ɗauke su wurin kai hari.

Wani abokina ya ce mini, ai almajiran Shehu malamai ne kuma mayaƙa, me ya sa mu jikokinsu za mu ƙi? Na ce masa ya tuna Tsuntsuwa. An ruwaito cewa a wannan yaƙi na 1804 jama'ar Shehu sun rasa mutum wajen dubu biyu, ɗari biyu daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani. Magabatanmu da baƙin ciki suka rubuta wannan adadi. Larura ce ta fitar da su daga Degel, an kore su, ba su da rundunar da za ta tsaya musu. Mu muna da runduna ta takwas a nan cikin gari, da barikin Giginya, da kasafin tsaro da ake warewa duk shekara.

Kuma ƙofar zama hafsa ba a rufe take ba. Mai sha'awa tun daga sakandare ga NDA, wadda ita ma digiri take bayarwa. Wanda ya gama jami'a, likita ne ko injiniya ko lauya, yana iya neman gajeren kwas na masu digiri ya fito da aninansa. An kafa jami'ar soja a Biu a 2018. Masu yi wa ƙasa hidima ma suna yin mako uku na fareti a sansani irin na Wamakko. In ban da hidimar ƙasa, waɗannan duka mutum da ƙafarsa yake zuwa, ya san abin da ya zaɓa. Abin da nake tsoro shi ne a ɗaura horon da kuɗin makaranta. Ɗan mai hali ba zai sa hannu ba. Ɗan manomin Gwadabawa da kuɗin rajista ya gagara shi ne zai sa hannu a kan shekarun rayuwarsa tun bai san ciwon kansa ba, don yunwa ba ta barin mutum ya karanta takarda har ƙarshe.

Ina da ɗiya a aji uku a jami'a. Yajin aikin wata takwas na 2022 ya riga ya ci wa yayanta shekara guda. Abin da nake roƙo daga wakilanmu na majalisa da shugabannin jami'o'inmu, in wannan magana ta iso teburinsu, shi ne su ƙi ta. Kuɗin da za a kashe a kan kaki da filin fareti a yi katanga da shi, a sa fitilu a hanyar ɗakunan kwana, a gina masauki a ciki don 'yan mata su bar haya a unguwannin da ba mai gadi, a kuma ƙara jami'an tsaro a kan hanyoyin da ke shigowa daga daji. Ina kuma roƙon ka, Malam Edita, ka aika wakilinka ya ji ta bakin ɗaliban da iyayensu, ka buga mana abin da suka ce.

Na gode. Wassalam.

Naka mai karatu,
Tsohon malamin sakandare,
Mabera, Sakkwato