Shirun da muka koya tun muna ƙanana

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni ma'aikacin jinya ne, shekarata 19 a bakin aiki. Maganar da na fi ji a bakin marasa lafiyarmu ita ce "da sauƙi". Za a shigo da dattijo an rirriƙe shi dama da hagu, gumi na keto masa, likita ya ce, "Baba, yaya jikin?" Sai ya sunkuyar da kai ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Sai likita ya fita, ina tattara kayan awon jini, ya kamo hannun rigata ya yi ƙasa da murya: "Ɗana, yau kwana uku fitsari ba ya fita sosai." Ba ƙarya ya yi niyyar yi ba, bakinsa ne ya riga shi. Na san amsa ce ta ladabi da godiya ga Allah, kuma ban ƙi ta ba. Abin da ke damuna shi ne da yawa a nan suke tsayawa. Tun suna yara aka nuna musu cewa ba a kallon babba cikin ido, ba a ja masa zance, kuma namiji ba ya raki. Yanzu ga furfura, amma da zarar sun ga mai farar riga sai su koma yaron nan da ke durƙushe gaban mahaifinsa.

Na mata ya fi sosa mini rai. Yarinya mai cikin fari za ta kwana tana naƙuda, ta cije zane, ba za ta tashi kowa ba, don ta taso tana jin ana yabon wance da ta haihu ba a ji ko tarinta ba. Duk wanda ya taɓa leƙa asibitin Babbar Ruga a Katsina, inda ake yi wa masu yoyon fitsari aiki, ya san abin da doguwar naƙuda ke jawowa. Nisan asibiti da rashin kuɗi suna da nasu laifin, amma shirun nan ma yana cinye sa'o'in da bai kamata a rasa ba.

Ni ma ban tsira ba. Ɗan fari ne ni. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, har ta koma ga Mahaliccinta ban ji sunana a bakinta ba, sai dai "kai" ko "wancan yaron". Ban taɓa shakkar ƙaunarta ba: takan tura tsokar nama ƙarƙashin tuwona, ta ba ƙanwata ta kawo mini, ita kuwa ta kau da kai kamar ba ta san zancen ba. Mahaifinmu kuma da ya yi gyaran murya a zaure, gida ya yi tsit. Daga gare su na samu abubuwan da nake alfahari da su. Har gobe hannuna na hagu ba ya miƙa wa mutum kaya, ƙafata kan nemi fita daga takalmi in na hango dattijon unguwa, ba tare da na umarce ta ba. Umar ɗan Abu Salama ya ba da labarin cewa yana yaro hannunsa na yawo cikin akushi, Manzon Allah (SAW) ya ce masa ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci abin da ke gabansa, kuma ya ce haka ya ci gaba da cin abinci tun daga ranar. Abin da aka dasa da taushi haka yake zama.

Amma wanda aka dasa da tsawa ma yana zama. Bara ina zaune da baƙi a ƙofar gida, 'yata mai shekara 7 ta dawo daga makarantar allo a guje, ta faɗo jikina tana nuna mini rubutun da ta yi da hannunta. Kafin in yi tunani hannuna ya ture ta, na ji na ce, "Ke, wuce ciki!" Muryar mahaifina ce sak. Ta ɗauki allonta ta tafi tana waiwaye. Baƙin ba su ga wani abu ba, hira ta ci gaba. Ni kuwa daren nan na kasa barci, ina ta tuna Aƙra'u ɗan Habis, wanda ya ga Annabi (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka amsa masa cewa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa.

Ba ina kira a zubar da kunya ba ne, Allah ya kiyaye. Roƙona ga iyaye 'yan uwana shi ne mu duba ko abin da muke gani a fuskar yaranmu kunya ce ko tsoro, domin daga nesa kamarsu ɗaya. Abokan aikina kuma, in mara lafiya ya ce da sauƙi, mu ja kujera mu sake tambaya.

Watanni bayan ranar da na ture 'yata, zazzaɓi ya kama ta. Na dawo daga aikin dare na tarar da ita kwance, jiki kamar garwashi, leɓe ya bushe. Na ce, "Mamana, yaya jikin?" Ta yi ƙoƙarin tashi zaune, ta sunkuyar da kai ta ce, "Da sauƙi, Baba." Na zauna a bakin tabarmar, na ɗora kanta a cinyata. Sai da na tambaya sau uku kafin ta nuna mini inda ke ciwo.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Funtuwa, Jihar Katsina