A bar masu binciken ƙwari su gama gwajinsu

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah a ɗan ba ni fili.

Mutane da yawa in suka ji wai masana a jami'a suna kiwon ƙwari don su saki kan ciyawa dariya suke, su ce ai feshi ya fi sauri. To feshin nawa za ka yi a tafki guda, kuma kifin fa?

Ku dubi tafkin Biktoriya da ke gabashin Afirka. Wata irin kainuwa mai shuɗin fure, wadda asalinta daga Kudancin Amurka take, ta rufe bakin ruwa har jiragen masunta suka kasa fita. A 1995 aka fara sakin wasu ƙananan ƙwari da ake kira Neochetina a ɓangaren Yuganda, manyan suna cin ganyen, tsutsar kuma ta huda karan ta shige ciki, ruwa ya bi ramin, sai tsiron ya ruɓe ya nutse da kansa, kafin 2000 ciyawar ta ragu sosai, ko da yake wasu masanan sun ce ruwan sama mai yawa da sauyin yanayin da ake kira El Nino ya kawo a 1997 ma ya taimaka, kuma har yau takan dawo.

Ostireliya ma haka, wani tsiro mai ƙaya da ake kira kaktus ya cinye musu kusan hekta miliyan 24, tsutsar wani ƙwaro daga Ajantina da suka saki a 1926 ce ta kawo ƙarshensa.

Amma ni abin da ya sa na rubuto shi ne masu cewa binciken na cin lokaci da kuɗi. Wallahi lokacin nan shi ne aikin. Kafin a saki ƙwaro sai an kulle shi a ɗakin gwaji shekaru, a ajiye masa amfanin gona iri-iri da dangin ciyawar, a hana shi abincinsa a gani ko yunwa za ta sa ya ci wani abu. In aka ga zai yi wa amfanin gona ɓarna, shi ke nan an soke shi. Ostireliyar nan dai a 1935 ta shigo da kwaɗi daga Hawayi don su cinye ƙwarin rake ba tare da irin wannan gwaji ba, ƙwarin na nan, kwaɗin kuma masu dafi ne, sun bazu suna kashe macizai da ƙadangaru.

Feshi in ka yi kuskure ka daina gobe, ƙwaro kuwa in ya fita ba mai iya kiransa ya dawo, don haka masu ba da kuɗin bincike su daina matsa wa masanan nan lamba.

Naku,
Mai karatu a kullum