Karen gida ma yana sa ciwo, mu daina raina cizonshi

Assalamu alaikum malam edita, barka da aiki, Allah ƙara basira.

Abin da ya sa na rubuto, satin da ya wuce karen maƙwabcinmu ya kama ɗan ƙanwata a ƙafa, yaro ɗan shekara 7, raunin ba wani babba ba ne haƙori biyu ne kawai suka shiga, amma abin da na gani ranar ya tsaya min a rai. Kafin ka ce me mata sun taru, wannan ta ce a sa toka, waccan ta ce a tsigo gashin karen a ƙona a shafa, samari kuma sun ɗauko sanduna za su kashe shi, mai karen yana ta rantsuwa wai nashi na gida ne tuwo yake ci ba ya fita. Na ce to alhaji ina karne ɗin allurarshi? Shiru kake ji.

Yanzu a Damagaram kiwon kare ya zama yayi, daga Birni zuwa Zango har Sabon Gari za ka ga matasa suna jan manyan karnuka irin na turawa da sarƙa, wasu don gadi wasu don burga kawai, kuma ni ban ce kar a yi ba, ɓarayi sun ishe mu. Amma wanda ya iya sayen kare da tsada ai bai kamata kai shi elbaj, wato ma'aikatar kula da dabbobi, a yi mishi rigakafi ya gagare shi ba.

Ciwon haukan kare fa ba wasa ba ne. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce yana kashe mutum wajen 59,000 duk shekara, yawanci a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare ne ko yaƙushi, kuma wajen 4 cikin 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Mugun abin shi ne ƙwayar tana cikin yawun karen, in ta shiga sai ta bi jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa, raunin ya warke kowa ya manta, bayan wata 2 ko 3 sai zazzaɓi, mutum ya fara firgita yana jin ƙishirwa amma yana tsoron ruwa, nan ne za ka ji ana cewa iska ce ko sammu aka yi mishi. In alamun nan suka fito to sai dai addu'a, kusan babu mai tashi. Alhali tun 1885 wani masanin kimiyya Louis Pasteur ya yi ma wani yaro da kare ya ciza allurar rigakafin ciwon a Faransa ya rayu, mu har yau muna kan toka.

Abin yi ba wuya, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15 cur ana zuba ruwa, kar a ɗaure, a wuce likita a ranar ba gobe ba, kuma a cika alluran duka. Karen a tsare shi kwana 10 ma'aikatan elbaj su duba, in an kashe shi an yar ta ina za a san lafiyarshi?

Bayan hauka akwai makero, akwai kaska, akwai tsutsar ciki da ƙwanta ke fita a kashin kare cikin yashin da yaranmu ke wasa su ci abinci ba wanke hannu. Mahauta ma don Allah ku daina jefa ma karnuka hanta da huhun da suka lalace, nan suke ɗaukar wata tsutsa mai yi ma mutum ƙullutun ruwa a hanta. Addini ma ai ya ce ƙwaryar da kare ya lasa a wanke ta sau 7.

Roƙona ga meri, wato ma'aikatar magajin gari, da elbaj, baza guba don kashe karnuka ba ta gama matsala, masana sun ce sai an yi ma kashi 70 cikin 100 na karnuka rigakafi cutar ke yankewa. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da ciwon nan a duniya, a fito kartiye kartiye da allura, a sa masu unguwa da gidajen rediyo su yi shela.

Yaron dai ya fara karɓar alluranshi, karen kuma yana ɗaure muna ƙirga kwanaki.

Naku mai karatu kullum,
daga Garin Malam, Damagaram