Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya Na Jihar Katsina

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Akwai wani ciwon shawara da ake ɗauka ciwon hanta ne, alhali hantar lafiyarta ƙalau. Babbar jijiyar da ke kwaso jini daga hanji da saifa zuwa hanta ce ke toshewa da gudan jini. Sai jinin ya nemi wata hanya, ƙananan jijiyoyi su kumbura su nannaɗe bututun madaciya har su matse shi. Ruwan madaciya ya kasa sauka hanji, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, mutum ya yi ta susa har fatarsa ta fashe. Wani ya haɗa da zazzaɓi mai sa rawar ɗari, ko tsakuwa a bututun. Yawanci kafin nan ya taɓa aman jini yana yaro, saifarsa kuma a kumbure.

Irin wannan mara lafiya zai shekara yana shan jiƙo, ya yi gwajin hanta sau da yawa a ce babu komai, a sallame shi. Abin da ke damuna ke nan, domin sikanin na Doppler, mai duba tafiyar jini a jijiya, zai iya nuna toshewar, hoton bututun madaciya da ake kira MRCP kuma ya nuna inda bututun ya matse. Magani akwai. Ana zura na'ura ta baki a cire tsakuwa, a saka ɗan bututun roba, aikin da ake kira ERCP. In matsewar ta dawo, a yi tiyatar karkatar da jinin. Yanka kai tsaye kan bututun ba tare da an gano ciwon ba kan jawo zubar jini mai kisa.

Ina roƙon a horar da masu sikanin na asibitocin Daura, Funtuwa da Malumfashi su riƙa duba wannan jijiya ga duk mai shawara da kumburin saifa, a kuma bayyana musu asibitin da za su tura shi.

Ranka ya daɗe, ciwon wasu daga cibiya yake farawa. Gasa ta da tsumma mai zafi, ko shafa mata toka da man goge baki, na kai ƙwayar cuta cikin jijiyar har ta toshe, tun jariri bai yi suna ba. A wadata ungozomomi da dakunan haihuwa na karkara da maganin cibiya na chlorhexidine, a ba kowace mai jego nata kafin ta koma gida.

Naka mai biyayya,
Wani ma'aikacin lafiya, Katsina