Sunan jiharmu a jikin jirgin da ba a gani

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina kan wata al'ada ta Amurkawa, wato raɗa wa jiragen yaƙinsu na ƙarƙashin teku sunayen jihohi. Na daɗe da zama a garin Paterson na jihar New Jersey, kuma ranar 14 ga Satumban 2024 rundunar sojin ruwan ƙasar ta ƙaddamar da sabon jirgi mai suna USS New Jersey a sansanin Earle, a gaɓar tekun jihar.

Wani abokina da muke sallah a masallaci ɗaya ya ce mini wannan siyasa ce tsagwaronta. Ban ƙaryata shi gaba ɗaya ba. A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu sunayen kifaye ake sa wa irin waɗannan jirage. Daga baya aka koma sunayen birane, sannan jihohi, kuma ana jingina wa Admiral Hyman Rickover, wani babban hafsan sojin ruwan ƙasar, maganar cewa kifi ba ya jefa ƙuri'a. Majalisa ce ke sakin kuɗin, jirgi ɗaya kuwa ya haura dala biliyan biyu, to dole a faranta ran masu wakiltar jihohi. Sakataren sojin ruwa ke zaɓen suna tun daga wata doka ta 1819, kuma sakataren wancan lokacin, Ray Mabus, ne ya sanar da wannan suna a 2015.

Sai dai na ce masa ya biyo ni wata Asabar mu je gidan tarihi na Paterson. A can akwai wani ɗan ƙaramin jirgin ƙarfe, tsawonsa ƙafa 14, mutum ɗaya tak yake ɗauka, shi ma sai ya takure. Ranar da na fara kai yarona wurin, ya leƙa ta 'yar ƙofar da ke sama, ya juyo ya tambaye ni ta ina mutum zai yi numfashi. Wani malamin makaranta ne ya ƙirƙiro shi, John Philip Holland, baƙo daga Ailan da ya zo ci-rani ya zauna a garin nan yana koyarwa. A 1878 ya gwada shi a kogin Passaic, wanda nake tsallakawa kullum in zan fita aiki. Bai daddara ba sai da aka ƙera masa wani babba a garin Elizabeth, duk a jihar nan, gwamnati ta saye shi ranar 11 ga Afrilun 1900, ya zama jirgin ƙarƙashin teku na farko da rundunar ta ƙaddamar. Kabarin Holland yana Totowa, 'yar tafiya kaɗan daga gidana. Jihar da aka yanke cibiyar wannan sana'a a cikinta, idan an sa wa jirgi sunanta, ai an mayar da kaya ga mai shi ne.

Sunan ma yana da magabata. Wannan ne jirgi na uku da ya ɗauke shi. Na biyun, babban jirgin yaƙi na saman ruwa, yana nan a ɗaure a garin Camden na jihar nan, an mai da shi gidan tarihi tun 2001. An saka shi ruwa ranar 7 ga Disambar 1942, shekara ɗaya cif bayan harin da Japan ta kai sansanin sojin ruwan Amurka na Pearl Harbor, ya yi yaƙin tekun Pasifik, ya yi na Koriya, ya yi na Biyetnam. Na tsaya ƙarƙashin manyan bindigoginsa guda tara, kowace bakinta inci 16, har ƙato zai iya zura kansa ciki. Gabana ya faɗi, domin na san bindigogin nan su ne suka yi luguden wuta kan tsaunukan Labanon a 1983 da 1984, kuma akwai iyalan da har gobe ba su manta ba. Ni ba mai son yaƙi ba ne. Wanda ya karɓi sunan ya karɓe shi da daɗinsa da ɗacinsa, kuma a ganina haka ya kamata.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, jirgin ƙarƙashin teku aikinsa ɓuya. Na Camden kowa na iya hawa ya taɓa. Wannan sabon kuwa, mai tsawon mita 115, injin nukiliya ke tuƙa shi, ba ya buƙatar shan mai, yana iya yin watanni bai leƙo ba sai dai abinci ya ƙare. A cikinsa akwai mutum wajen 130, galibinsu matasa, kuma shi ne na farko a jinsinsa da aka tsara tun daga tushe domin maza da mata su yi aiki. Ba rana, ba waya, iyayensu ba su san inda suke ba. Abin da ido bai gani ba zuciya kan yi saurin mantawa da shi. A Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta rasa irin waɗannan jirage 52 da mutum kusan 3,500, kuma da wuya ka sami ɗan gari da zai iya lissafo maka sunayen kifayen nan. Amma ka ce Arizona, kowa ya san mutum 1,177 suka mutu a cikin babban jirgin yaƙi mai wannan suna a harin Pearl Harbor. A Disambar 2019 aka sanar za a sake sa wa sababbin jiragen ƙarƙashin teku sunayen Arizona da Oklahoma, bayan kusan shekara 80 ba a taɓa sunayen ba.

Da zarar an ce New Jersey, mai biyan haraji a Newark ya san abin nasa ne. Yana da bakin tambayar inda aka tura jirgin da dalilin tura shi, kuma idan wani abu ya sami yaran da ke ciki, ba zai ce bai san su ba. Maƙwabciyata wadda ɗanta ke aikin sojan ruwa ta liƙa hoton jirgin a jikin firjinta, ko da yake ɗan nata ba a cikinsa yake ba. Ta ce duk lokacin da ta buɗe firjin sai ta yi wa 'ya'yan mutane addu'a.

Abokin nawa ya amsa zai bi ni gidan tarihin bayan sallar Azahar, ya ce zai taho da 'yarsa da ke son karatun injiniya.

Wassalam,
Mai karanta ku kullum,
Paterson, New Jersey, Amurka