Godiya ga Ma'aikatan Cibiyar Schomburg da ke Harlem

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Cibiyar Schomburg, ɗakin karatu da adana tarihin baƙaƙen fata da ke unguwar Harlem, birnin New York,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne in yaba muku a bainar jama'a kan yadda kuka rungumi takardu da hotuna da faya-fayan marigayi Harry Belafonte, waɗanda suka shigo hannunku a 2020, shekara uku kafin ya rasu yana da shekara 96.

Da yawa daga cikinmu sun san shi ne da waƙa da fim. Faifansa Calypso na 1956 an sayar da fiye da miliyan ɗaya, abin da ba a saba gani ba a wancan zamani, ga kuma rawar da ya taka a fim ɗin Carmen Jones a 1954. Amma kun adana abin da ya fi wannan. Mutumin nan da kuɗinsa da sunansa ya tsaya wa Martin Luther King, har ya taimaka aka yi belinsa daga gidan yarin Birmingham a 1963. Ya riƙe hannun mawaƙiya Miriam Makeba lokacin da gwamnatin wariyar launin fata ta hana ta komawa Afirka ta Kudu, kuma yana cikin waɗanda suka haɗa taron mawaƙa na 1985 don agaza wa masu fama da yunwa a Habasha.

Gaskiya kayan nan gida suka dawo. A Harlem aka haife shi a 1927, kuma a ɗakin ƙasa na tsohon gininku da ke titi na 135 aka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta American Negro Theatre a 1940. Yana aikin shara da goge-goge a wani gidan haya, sai aka ba shi tikitin kallon wasansu a matsayin tukwici. Daga nan ya kamu. A ƙungiyar ya haɗu da Sidney Poitier, wanda daga baya ya zama fitaccen ɗan wasan fim, lokacin duk ba su da ko sisi, har sukan sayi tikiti ɗaya su riƙa shiga kallo bi da bi, wanda ya fito ya ba ɗan'uwansa labari.

Na kuma gode da haƙurin ma'aikatanku. Baƙo ya shigo da Turancinsa mai gargada, ba a hantare shi, ba a karɓi ko kwabo a ƙofa ba. Roƙona ɗaya: ku ƙara yawan abin da kuke sawa a intanet, domin ɗaliban da ba za su iya zuwa Amurka ba su ma su amfana.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Wani Bahaushe mazaunin Bronx